Malam Sin-da-Rum

Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran Yaya, kafin la'asar mun kai shi mun dawo. Wanda ya ba mu shi ne ya karɓi abinsa, mu ma jiran namu kiran muke yi.

Ban yi niyyar rubuta komai ba. Ni tsohon ma'aikacin gidan waya ne, rayuwata ta ƙare a kan ɗaukar rubutun wasu, ba yin nawa ba. Abin da kunnena ya jiyo a zaman makoki ne ya hana ni sakat.

An shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar gidanmu har bakin lungun da ke ɓullewa Ƙofar Mazugal. Tsofaffin ɗalibansa sun zo, wasu da sanda, wasu jikoki na riƙe da hannunsu. Ɗaya daga cikinsu ya kasa ƙarasa addu'a, ya rufe fuska da hannun riga. Amma a rana ta biyu wani dattijo da muka yi wasan ƙasa tare ya shafa fatiha, ya matso har gemunsa na gogar kafaɗata, ya ce, "Alhaji, amma dai ya tuba kafin ya cika ko?"

Na ce, "Daga me?"

Ya ce, "To, ka dai san karatun nan nasa." Ya waiga hagu da dama, kamar mamacin zai leƙo daga zaure ya ji shi.

A cikin gida kuma wata tsohuwa ta kama hannun matar Yaya tana cewa, "Allah ya raba shi da wahala, ya sha fama da mutanen nan nasa." Ashe tsohuwar tun tana amarya aka gaya mata Sin da Rum sunayen aljanu biyu ne da ke kansa. Jikana ma ya zo ya same ni ransa a ɓace, wai samarin unguwa suna cewa kakan nan da ya rasu ɗan leƙen asiri ne, an taɓa kama shi lokacin yaƙin basasa. Mutumin da ya koyar da rabin unguwar nan karatu, abin da ya rage masa a bakin mutane ke nan. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani da idona, tun da sauran numfashi.

Yaya shi ne ɗan farin Baba, ni ne auta. Baba malamin zaure ne, mai tsananin alkunya, bai taɓa kiran sunan Yaya ba. "Kai" yake ce masa, in kuma ba ya nan ya ce "wancan". Sai da Yaya ya sauke Alƙur'ani sannan aka bar shi ya shiga makarantar boko, ya yi ta tafiya har Ingila. Ya dawo ana gab da juyin mulkin farko, ya kama koyar da tarihi a wata kwaleji a bayan ganuwa, yana kuma rubuta littafin da za a ba shi babban digiri a kansa. Ɗakinsa na soro cike yake da littattafai har bakin taga, da tafireta a kan wani ɗan teburi mai ƙafa guda gajeriya da ya tokare da bulo. Yana da ƙananan katuna da yake tara abin da ya karanta a kansu: layi ɗaya Latin, wato harshen Rumawan dā, layi ɗaya zanen rubutun Sinawa, a ƙasa kuma bayaninsa da ajami, don ya ce da Hausa yake tunani. Littattafan ta gidan waya suke zuwa, ni nake ɗauko masa su a bayan kekena in na tashi aiki. Lokacin na yi aure, ina zaune a sashen da ke kallon nasa.

Ni ya fara yi wa bayanin abin da yake nema, muna cin ɗanwake da rana. Ya ce, "Auta, dauloli biyu ne a zamani ɗaya, ɗaya a mafaɗar rana, ɗaya a mafitarta, da ƙyar suka san da zaman juna sai ta bakin fataken siliki. Amma damuwarsu ɗaya. Yaya mutum guda, mai ciwon ciki kamar kowa, zai sa jama'ar da ba ta taɓa ganinsa ba ta bi shi? Takobi ba ya kaiwa ko'ina. Sai kowannensu ya miƙa hannu sama."

Ya ce a Rum sarkinsu, Ƙaisar, shi ne kuma babban limamin gumakansu. In ya mutu dattawan majalisa su zauna su yanke cewa ya zama abin bauta, kamar yadda ake yanke jangali. Ba ruwansu da abin da ke zuciyarka, ka dai jefa ɗan turare a wuta gaban siffar sarki ka wuce. Wanda ya ƙi shi ne maƙiyin ƙasa. A Sin kuwa ana kiran sarki Ɗan Sama, shi kaɗai ke da ikon yi wa Sama yanka, amma aron mulkin aka ba shi. In aka yi fari ko ambaliya, ko tauraro mai wutsiya ya fito, malaman fada sai su rubuta masa cewa Sama ta yi fushi, ya binciki halinsa. Ya lashe yatsa ya ce, "A Rum sarki ya hau sama ya zauna. A Sin sama ce ke leƙen sarki. Ni so nake in gane a ina talaka ya fi samun barci."

Wanda ya fara zarginsa ba bare ba ne, Baba ne. Wata rana ya hau soron neman wani littafinsa na fiƙihu da aka ara, ya tarar da hoton wani mutum na dutse, da mayafi a ka, yana tsiyaya wani abu a kan wuta. Bai taɓa shi da hannu ba. Da bakin sanda ya kife shi, ya sauko ya zauna a zaure har Yaya ya dawo.

"Kai, zo nan."

Yaya ya tuɓe takalmi ya durƙusa. "Allah gafarta Malam."

"Na bar ka ka je makarantar Nasara don ka koyo abin da zai amfani Musulmi. Me kake tona a kabarin masu bautar dutse?"

"Baba, ba allolinsu nake karantawa ba, sarakunansu nake karantawa."

"Je ka majema ka yini, ka dawo ka rantse mini ba ka taɓa fata ba. Hancina zai gaya mini inda ka je."

Yaya yana da taurin kai, bai iya yin shiru a inda ya kamata ba. Ya ce, "Ai a zauren nan ka karantar da ni labarin Fir'auna."

Baba ya ce, "An kawo Fir'auna ne don a tsine masa, ba don a karɓi digiri a kansa ba. Tashi ka ba ni wuri."

Daga ranar suka daina cin abinci a kwano ɗaya. Baba bai kore shi ba, amma ya sa masa ido. Da azumi ya kan kira shi wajen la'asar ba da wani dalili ba, ya ƙura wa leɓensa ido ya ga ko a bushe yake. Ya kan tambayi matar Yaya, cikin dabara, ko mijinta yana tashi da asuba da kansa ko sai an tashe shi. A masallaci ya koma tsayawa a sahun da ke bayan na Yaya. Yaya ya san duk wannan. Bai taɓa cewa komai ba, sai dai in ya idar da sallah ya ɗan daɗe a zaune, don mai kallo ya ƙoshi.

Sai ƙasa ta rikice. Wanda ya koya wa Yaya Latin wani malami ne mutumin Gabas, Kirista, abokin aikinsa a kwaleji, dogo mai yawan dariya. A kwanakin da aka yi ta kashe-kashe a garin nan, Yaya ya shigo da shi gida cikin babbar riga da rawani, ya hau da shi soro. Mu uku muka sani: ni, da matar Yaya mai kai masa abinci, da Baba, wanda ya ga an ƙara kwano ya kau da kai. Ranar Juma'a, lokacin da lungu ya cika da masu tafiya masallaci, muka sa shi a tsakiyarmu muka fita da shi ta Ƙofar Mazugal, muka haɗa shi da wata motar fatake mai zuwa arewa. Ya bar wa Yaya akwatin littattafansa amana. Ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Da yaƙi ya kankama, rediyo ya zama abincin kowa. Nan aka fara jin cewa limaman coci daga Rum suna kai jiragen agaji Gabas, masu baki suna ƙarawa da cewa ba abinci kaɗai ke ciki ba. Can kuma aka ji gwamnatin Sin ta fito ta nuna goyon bayanta ga masu ɓallewa. Duk faɗin duniya, ƙasashe biyun da aka fi tsine wa a dakalin unguwarmu su ne Sin da Rum. Ga kuma mutum guda a lungu wanda ba shi da zance sai Sin da Rum, har yara sun laƙaba masa sunan.

Ba a fito an ce masa komai ba. A hankali abin ya zo. Masu amsa sallamarsa da "Malam, barka da dawowa" suka koma ɗaga hannu kawai. Iyaye biyu suka janye 'ya'yansu daga karatun Turanci da yake yi musu kyauta da yamma. An ce a riƙa rage fitila saboda jirgin abokan gaba, sai aka fara cewa tagar soronsa ce kaɗai ke haske. Ƙarar tafiretarsa kuma, wadda unguwa ta saba da ita, ta zama na'urar aika saƙo. Wani mai goro da ba wanda ya san daga ina yake ya kafa faifansa daidai ƙofarmu, a lungun da ba ciniki. Yini guda ba ya sayar da goro biyar, amma kullum yana nan. Mu ma a cikin gida muka koma magana ƙasa-ƙasa. Matata ta daina aika yarinya karɓo wuta a maƙwabta, don kada a tambaye ta abin da ake yi a soro.

Na ce masa, "Yaya, ka dakata da aikin nan har ƙura ta lafa. Ko ka sauke littattafan mu kai su ƙauye."

Ya ce, "In na ɓoye su, na yarda ke nan akwai abin ɓoyewa." Ya leƙa ta taga ya kalli mai goron, ya ce, "Je ka sayo mana na sisi. Bawan Allah yana shan rana saboda ni."

Da safe suka zo, mutum biyu cikin fararen kaya, da mota mai tanti da suka bari a bakin titi saboda lungu ba ya ɗaukarta. Sun yi sallama yadda ya kamata, sun gaida Baba. Sannan suka hau soro suka kwashe komai: tafireta, katuna, rubutun da ya yi shekaru yana tarawa, har da akwatin malamin Latin. 'Yan dako suka yi ta sauka da kaya a ka, unguwa ta fito ta yi cirko-cirko. Yaya ya fito a tsakiyarsu da alli a aljihun rigarsa, don shirin tafiya aji yake. Washegari mai goro bai zo ba.

Kashegari Baba ya ɗauki buzunsa da buta da carbi, ya ce in raka shi. Muka je ofishin da aka ce an kai Yaya, ya shimfiɗa buzu a gindin wata bishiyar darbejiya da ke fuskantar ƙofa, ya zauna. Bai nemi ganin kowa ba. Haka ya riƙa yi kullum daga hantsi zuwa la'asar, ni in raka shi in wuce aiki, in dawo in ɗauke shi. Almajiransa manya suka fara zuwa ɗaukar karatu a wurin, har gindin bishiyar ya zama makaranta. Ran nan babban jami'in wurin ya gaji ya fito da kansa, ina tsaye.

"Baba, wa kake nema?"

Sai Baba ya faɗi sunan Yaya, cikakke. Ranar ce kaɗai a rayuwata na ji sunan nan a bakinsa.

Jami'in ya ce, "Ka san abin da ɗanka yake rubutawa?"

Baba ya ce, "Ban sani ba, ba na kuma ƙaunarsa. Amma na riga ku zarginsa, na kuma fi ku iya sa ido, don a gidana yake kwana. Na duba bakinsa da azumi, na tsaya a bayansa a sahu. Ban kama shi da komai ba. In ku kun kama shi da wani abu, ku nuna mini, ni zan fara tsine masa kafin ku hukunta shi. In ba ku kama ba, ku ba ni ɗana."

Ko maganar Baba ce ta yi aiki, ko shugabannin kwalejin ne suka sa baki, ko dai sun gaji da ciyar da shi ne, har yau ban sani ba. An sake shi bayan damina ta wuce. Ya dawo a rame, da ƙwarƙwata a riga, da tari da bai rabu da shi ba har tsufa. Da daddare aka kawo tuwo, Baba ya tura kwanonsa tsakiya ya ce, "Kai, matso." Iyakar sulhun da suka yi ke nan.

Daga baya ya ba mu labarin tambayoyin da aka yi masa, yana dariya har tari ya sarƙe shi. Katunan nan masu rubutu iri uku su suka fi tayar musu da hankali, sun ɗauka saƙon sirri ne. Aka samo mai karanta ajami, ya karanto musu inda Yaya ya rubuta cewa Ɗan Sama zai fita bayan gari ta ƙofar kudu a tsakiyar hunturu ya yi yanka. Suka tsare shi: wane ne Ɗan Sama? Matuƙin jirgi ne? Wace ƙofa ce ta kudu, Ƙofar Nassarawa ko Ɗan'agundi? Wa za a yanka? Ya ce musu mutumin ya kusa shekara dubu biyu da mutuwa, abin yankan kuma ɗan maraƙi ne. Ba su yi dariya ba. Mu ma da ya ba mu labarin ba mu yi ba, shi kaɗai ya yi.

Takardunsa ba su dawo ba. Ya yi ta sintiri ana ce masa ana dubawa. Yaƙi ya ƙare ana dubawa. Malaminsa na Ingila ya yi ritaya, ya mutu, ana dubawa. Bai sake zama ya rubuta littafin ba, bai samu digirin ba, ya ƙare aikinsa yana koyar da 'yan sakandare. Abin da ya fi ci masa rai ba nasa rubutun ba ne, akwatin malamin Latin ne. Ya kan ce, "In mutumin nan ya yi sallama gobe, me zan ce masa?" Ya daina zancen bincikensa da kowa na tsawon lokaci, har da ni.

Gida kuwa ya kama da wutar neman wanda ya kai ƙara. Zargi ya tsaya a kan maƙwabcinmu, wani baduku da katangarsa ke manne da soron Yaya, wanda aka taɓa gani yana hira da mai goro. Matan gida suka yanke gaisuwa da matansa. Aka daina kai musu ƙosan sadaka. Ni kaina in na hango shi sai in sauya hanya. Ana cikin haka aka aiko cewa babban ɗansa, soja, ya mutu a bakin daga, ba gawa, ba kabari. Mutanen gidanmu suka yi kamar ba su ji ba. Yaya ya sa hularsa ya fita, ya zauna kusa da badukun a tabarma har aka share makoki, yana karɓar gaisuwa kamar ɗan'uwa. Daga baya ya ɗauki marayu biyu da sojan ya bari ya sa su makaranta.

Matarsa ta tare shi a tsakar gida tana kuka. "Malam, mutumin da ya sa aka ɗaure ka?"

Ya ce, "Kin gani da idonki?"

"Kowa ya sani."

"Ni ma kowa ya san ɗan leƙen asiri ne." Ya zauna a bakin rijiya ya ce mata a Rum mai kai tsegumi har kaso ake ba shi daga dukiyar wanda ya kai ƙara. A Sin kuma akwai zamanin da aka ɗaure gidaje biyar-biyar, in ɗaya ya yi laifi sauran ba su faɗa ba, a hukunta su duka. Ya ce, "Sun bambanta a kan sama, amma a nan sun haɗu. Mai mulki ba ya buƙatar ɗan doka a lungun da maƙwabci ke tsoron maƙwabci. Ba zan taya su aikin ba."

Kada a ɗauka ya fito daga abin nan da farar zuciya kamar auduga. Zargi ya shige shi shi ma, ya zauna. Bai ƙara zama ya ba ƙofa baya ba. In zai ambaci Ƙaisar, wanda ƙashinsa ya daɗe da zama ƙasa, sai ya rage murya. Baƙo in ya cika yabonsa, yana fita zai ce, "Wa ya aiko wannan?" Da wayar hannu ta zo, 'ya'yansa suka saya masa, sai ya riƙa sa ta a cikin langa ya rufe, a kai ɗakin girki, kafin ya yarda a yi hirar gwamnati. Wani ɗan siyasa da ya taɓa zama ɗalibinsa ya gina masallaci ana gab da zaɓe, ya zo da kansa yana roƙon Yaya ya zauna a sahun gaba ranar buɗewa. Yaya ya tambaye shi, "Wa zai ja sallar, limamin ko mai hoto?" Bai je ba, mutumin bai sake gaishe shi ba. Ya kan gaya wa ɗalibansa, in mai mulki ya cika tsawaita sujada a gaban jama'a su lura da abin da hannunsa ke yi, in kuma malami ya san ƙofar baya ta gidan gwamnati su rage yawan tambayarsa fatawa. Wannan magana ta jawo masa baƙin jini a wajen ɓangarorin biyu, kowanne yana cewa ɗan ɗaya ɓangaren ne.

Sau ɗaya na ga ya koma yaro. Lokacin da 'yan kasuwar Sin suka fara buɗe shaguna a Kantin Kwari, ya matsa sai na raka shi. Ya tsufa, yana dogara sanda. Ya tsaya gaban wani saurayi ɗan Sin mai sayar da atamfa, ya furta wata kalma da ya koya daga littafi. Yaron bai gane ba. Sai Yaya ya buɗe tafin hannunsa ya zana masa harafin sama da yatsa. Yaron ya yi dariya, ya nuna rufin shago, ya ɗaga babban yatsa. Yaya ya shiga tambayarsa labarin sarakunan dā ta bakin wani yaron shago mai yi musu tafinta, saurayin ya ce shi bai san su ba, an dai yi musu a makaranta ya manta, yadi nawa za a yanka? A hanyar dawowa, da muka kai Gwammaja, Yaya ya ce, "Shi ma yana da gaskiya, abinci ya zo nema." Kafin magariba labari ya zaga unguwa: ai mun faɗa, ga mutanensa nan sun biyo shi.

Ciwon ajalinsa bai yi tsawo ba. Ana saura 'yan kwanaki, bayan la'asar, ya ce 'ya'yansa su ba mu wuri. Na zauna a bakin gado. Ya daɗe yana kallon rufi, sannan ya ce, "Auta, ba ka taɓa tambayata wanda ya kai ni ba."

Na ce, "Ka hana a nema, Yaya."

"Ba sai an nema ba. Tun ranar farko suka gaya mini." Ya juyo ya dube ni. "Sunanka suka faɗa. Suka ce ƙanenka na gidan waya, shi yake kawo mana kowane ƙunshi mu gani kafin ya kai maka. Har da zancen baƙon da ya kwana a soro."

Shekara hamsin da ɗoriya muna gida ɗaya, muna kwano ɗaya, ya yi wa 'ya'yana walicci, ya riƙe ni ranar da matata ta rasu, ashe da wannan a cikinsa. Na buɗe baki na ce, "Wallahi, Yaya..."

Ya ɗaga hannu. "Kar ka rantse. Da rantsuwa nake so da na nema tun Baba na da rai."

Na ce, "Ka yarda da su?"

Ya ce, "Na san dabara ce tsohuwa, a gaya wa ɗaurarre na kusa da shi ne ya sayar da shi. Na karanta ta tun kafin a yi mini. Amma sani daban, kwana da abu daban. Mutum uku suka san da baƙon nan. Na yi shekaru ina kallonka kana cin tuwo, ina cewa shi ne, ba shi ba ne. Ban taɓa samun hujjar da ta wanke ka ba, Auta. Gajiya na yi. Na ga in na ci gaba, sun ƙwace littafina sun kuma ƙwace ƙanena. Sai na bar musu littafin."

Ban kai shi ba, Allah shi ne shaida, kuma ban san wanda ya kai shi ba. Amma ya hana ni faɗa, ni kuma na gane ba abin da zan faɗa da zai fi abin da ya riga ya yi.

Ya kira babban ɗansa ya dawo. A gabana ya ce masa, "In na cika, baffanku ne zai yi mini wanka. Kada a kira kowa daga waje. Shi na yarda ya ga tsiraicina."

Haka aka yi. Babban ɗan nasa na zuba mini ruwa, na wanke Yaya a tsakar ɗakinsa, na sa masa likkafani, na ɗaure da kaina.

Allah ka san abin da ke cikin zukata ba tare da an kawo maka rahoto ba. Ga bawanka nan ya zo, mutane sun gama bincikensa ba su samu komai ba. Ka yi masa sassaucin tambaya, ka yalwata masa makwanci, ka haɗa shi da Baba a inda ba a rage murya. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani.